Malam Ko-ba-haka-ba da Kumfar Tafasasshen Ruwa

Sunansa na yanka yana rubuce a ƙofar ofis, amma ko shugaban sashe ba ya kiransa da shi a bayan ido. A sashen kemistiri na jami'ar, Malam Ko-ba-haka-ba kowa ya sani, don ba ya rufe magana sai ya ɗaura mata wannan a wutsiya. Gajere ne mai ɗan tumbi, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a aljihu, kuma kullum na hancin yake nema.

Ɗan mai gyaran rediyo ne. A shagon uban ya fara shaƙar hayaƙin dalma, ya tambayi dalilin da ya sa take narkewa alhali ƙarfen da ke narkar da ita yana nan ƙalau. Uban ya ce ya matsa, yana tare masa haske. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa in ya girma ba wanda zai yi tambaya a gabansa ya tafi ba amsa. Ya kuwa cika alkawari har ya zarce, ya koma ba ya bari ma a kai ga tambayar.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyar da 'yan ajin farko a babban ɗakin lacca mai kujeru hawa-hawa da wata fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Rubutunsa a allo kamar an buga da inji. Ba ya latti, ba ya zagi, bai taɓa kayar da ɗan kowa don mugunta ba. Ɗalibansa suna cin jarrabawa, shi kuma ya ɗauki hakan shaida ce cewa sun gane. Da ritaya ta matso ya fara zuba littattafai a kwali, yana jin cewa in ana maganar malaman da suka zuba ilimi a kan mutane ya zauna, to da shi za a fara.

Ana nan sai ga wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda a zamaninta take zama a layin gaba tana kwashe maki, har 'yan ajinsu suka sa mata Uwar-maki. Yanzu digiri na uku take yi, kuma ba a kan sinadaran ba, a kan yadda ɗalibai ke koyon kemistiri da yadda ake koya musu. Abin ya yi wa Malam banbarakwai. A ganinsa koyarwa ba ta buƙatar bincike: ka sani, ka faɗa, su rubuta. Ta ce tana roƙon ya bari ta kafa kyamara a bayan aji, ta kuma riƙa hira da wasu daga cikin yaran. Malamai da dama sun riga sun ƙi, wani ma ya ce kyamara tana sa shi ciwon kai. Malam kuwa ya amince tun ba ta rufe baki ba, don ya gama yanke wa kansa cewa yarinyar ta zo ne ta nuna wa duniya yadda ake yi.

A gida ya sa aka goge masa rigunan da ba ya sawa sai taro. Matarsa, tela ce mai keken ɗinki a falo, ta ce ita dai a saninta likita ba ya ɗaukar hoton ƙafar da ke lafiya. Ya ce mata ba ta san harkar jami'a ba.

Da zango ya yi nisa Uwar-maki ta shigo ofis da kwamfutarta, ta ture kwali ta zauna. Ta ce tambaya guda ta yi wa kowane yaro: in ruwa yana tafasa a tukunya, me ke cikin kumfar nan da ke tasowa daga ƙasa? Malam ya yi dariya, ya ce wannan ai tambayar 'yan firamare ce. Ta danna.

Muryar farko ya gane ta, yaron da ke goge masa allo ne, wanda bai taɓa faɗuwa gwaji ba. Cikin natsuwa yaron ya bayyana cewa tunda ruwa haɗin haidurojin ne da oksijin, to zafi ne ke raba su, kumfar kuwa su ne suke fita kowa ya kama gabansa. Na biyu ya faɗi haka. Ta uku ma haka, har da zane. Waɗanda suka ce tururi ne, wato ruwan ne dai bai canza ba illa ya zama iska, ba su cika hannu ba.

Malam ya cire tabarau ya sa ɗayan. Ya ce daƙiƙai ta tsinto. Ta ce daga saman aji ta ɗebo. Ya ce shi da bakinsa ya koyar da wannan a farkon zango, yana iya nuna mata gefen allon da ya rubuta. Ta ce haka ne, tana ma da hoton.

Sai ga shi a kwamfuta cikin gogaggiyar riga, ya juyo ya fuskanci aji ya yi tambayar nan daidai. Kafin wani ya ɗago kai daga rubutu har Malam ya ce, "Tururi ne, ko ba haka ba?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Haka ne, Malam." Ta ja hoton gaba, ga wata tambayar, ga amsarsa a bayanta kamar akuya da ɗanta. Ta sake ja, haka dai.

"Malam," ta ce, "ni ma haka na ɗauka har na gama digirin farko. A takarda tururi nake rubutawa, don na san shi kake so. A cikin kaina kuwa ruwan rabewa yake yi."

Wannan ce ta shige shi. Yaran bana yana iya cewa waya ce ta lalata su. Uwar-maki kuwa ita ce wadda yake ba da labarinta a duk inda malamai suka taru.

Ya koma gida ko shayi bai nema ba. Ya zauna kusa da keken ɗinki ya kwashe duka ya faɗa wa matarsa, sannan ya ce, "Ke da kika san ni, ina hana mutane magana ne? Ai ba na hanawa, ko ba haka ba?"

Sai da ta cire allura daga baki don kada ta haɗiye ta saboda dariya. Ta tuna masa cewa ranar da ya tambaye ta ko za ta aure shi, shi ya amsa wa kansa, ita dai ta ga an fara shiri. Ta ce ba ta yi nadama ba, amma har yau ba a ji ta bakinta ba. Ya ce to me zai yi, in ya yi tambaya aka yi shiru ji yake kamar ƙasa za ta tsage.

"Baban yara, bakin da ke cike ba ya magana. Ka tafi da gorar ruwa. In ka tambaya ka kurɓa, kada ka haɗiye sai wani ya tanka."

Ya ce shi farfesa ake shirin yi masa kafin takardu su maƙale, ba zai tsaya gaban aji kumatu a kumbure ba. Washegari gorar tana cikin jakarsa.

Ya sa aka kawo tulun gilashi da ɗan murhun gas daga ɗakin gwaji, ya ɗora ruwa a gaban aji har ya tafasa. Ya nuna kumfar, ya yi tambayar, ya kurɓa.

Shiru. Fanka tana niƙa. Yaran suna riƙe da biro suna jiran amsar da za su rubuta, ba ta zo ba. Wata a layin gaba ta tambayi ta kusa da ita ko Malam ba shi da lafiya ne. Shi kuwa gumi yake, amsar tana tsalle a maƙogwaronsa kamar kwaɗo a tulu. Can yaron allo ya ji tausayinsa, ya ɗaga hannu ya zuba bayanin haidurojin da oksijin. Fiye da rabin aji suka gyaɗa kai. Malam ya haɗiye, ya tambaya ko kowa ya yarda, ya yi maza ya sake kurɓa.

Daga can sama, inda masu barci ke zama, wani dogo da Malam bai taɓa jin muryarsa ba ya ce, "To in haka ne, ba an ce mana waɗannan biyun in suka haɗu da wuta fashewa suke ba? Me ya sa kicin ɗinmu bai taɓa tashi ba?"

Aka yi dariya, waɗanda ke kusa da murhun suka ɗan ja baya. Yaron allo ya ce ƙila sun yi kaɗan ne. Wata ta ce in an rufe tukunya ai ruwa ake gani a jikin murfi, to wa ya sake haɗa su? Gardama ta kaure, har aka sami mai saukowa ya kara murfin gilashi a bakin tulun, kowa ya ga ruwa yana ɗiga. Malam yana gefe ya shanye gora guda. Lokaci ya ƙare bai rubuta ko layi ɗaya a allo ba, abin da ya shirya koyarwa ranar yana nan a jaka.

Ba wani sabon mutum ya zama ba. Wasu ranakun yakan manta gorar, bakin ya koma gidan jiya. Dubban da suka riga suka wuce ta hannunsa kuwa sun wuce, wasu suna haɗa magani, wasu suna koyar da 'ya'yan mutane, ruwa yana ta rabewa a kawunansu, ba mai kiran su ya gyara. Ya san da haka, kuma ya daina ba da labarin yawan waɗanda suka ci jarrabawarsa.

Ranar da Uwar-maki ta zo naɗe kyamararta ya tambaye ta da wane suna zai fito a littafin bincikenta. Ta ce ƙa'idar bincike ba a sa suna, shi ne Malami na Biyu. Ya ce ashe ma akwai na ɗaya. Sannan ya tambayi abin da ke cinsa: yaran bana, abin da suka gano zai zauna musu a ka?

Ta ce ba ta sani ba tukuna. Sai baɗi za ta nemo su ta sake yi musu tambayar, lokacin shi yana gida. Ya ce ta kira shi ko me ta samu, kada ta sa masa sukari.

Ya dubi kujerun da ba kowa, ya buɗe baki ya ce, "Ai za su riƙe, ko..." Sai ya laluba jaka ya zaro gorar.