Naman Raƙumi da Cikina na Fari

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, kwaɗayi ya sa ni gaba. Ran kasuwar Belbeji maigidana ya shigo da balangu mai zafi, na zauna na tashi da shi tas, ko tayi ban yi masa ba. Sai da na lashe yatsu ya ce, "Kin ji daɗin naman raƙumi ko?"

A wajenmu an ce mai ciki ba ta cin raƙumi, wai cikin sai ya zarce shekara kamar na taguwa, wato macen raƙumi. Na ɗora hannu a ka na yi ta kuka, maikon na nan a bakina.

Da labari ya kai Tanout, mahaifiyata ta ɗauro kaya ta taho, ƙanena da ke karatu a Kano ya rako ta. Yana jin zancen ya bushe da dariya.

"Haba Yaya! Da Ingilishi wannan shi ake ce wa old wives' tale."

"Wace tsiya ce kuma haka?" in ji mahaifiyata.

"Zancen tsofaffin mata, Inna. Abin da ake ta faɗa, a ƙarshe a tarar ba haka ba ne."

"To tsohuwar ce ta haife ka, marar kunya."

Ungozoma ma ta ce in kwantar da hankalina, amma ni maganar mahaifiyata na riƙe. Kullum ina duban cikin nan ina lissafin damina za ta zo ta wuce ban sauka ba. Tsoro na ji sosai.

Ai ko wata na tara bai gama tsayawa ba naƙuda ta kama ni, ko kayan jariri ba mu haɗa ba, tunda muna ganin da sauran lokaci. Na haifi ɗiya mace lafiya lau. Ƙanena ya leƙo yana washe baki: "Inna, ina shekarar?"

Tana rungume da jikarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Mahaucin nan ya cuce ku. Naman shanu ne, ba na raƙumi ba."

Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Na gane tsoron da na gada ya fi naman wahalar da ni. Amma gaskiya ɗaya ce: da na samu ciki na biyu, ko rumfar mai balangu ban yarda na bi ta gabanta ba.