Layin da Ban Goge Ba

"Dokta, sifilin ya yi yawa. Mu goge layukan yaran da suka rasu?" in ji Madam Asana, abokiyar aikina daga Dapaong.

Muna ƙidaya yawan zuwan kowane yaro asibiti bana. Manhajar tana raba sifili, wato rashin zuwa ko sau ɗaya, gida biyu: na masu iya zuwa da ba su zo ba, da na waɗanda ba za su taɓa zuwa ba.

Ɗana Idrisu, da muka binne a Sokodé bara, yana kashi na biyu. Ba ta sani ba.

Na ce, "Madam, a bar su. Tsarin ya tanadar musu wuri."

A ilimance, gogewar ma daidai ce. Ni ne na kasa. Masana aikin, da ku ne, za ku goge?