Yadda Kawu Ya Gyara Mini Farfela

Shekarar da na sake faɗuwa jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, yayana da ke aiki a Saudiyya ya aiko mini da tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai wasan tuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, ga sandar tuƙi, ga wani ɗan akwati mai liba biyu, 'yan sandunan da ake turawa gaba ko a ja baya. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Hajj Abdalla, an riga an gama magana a kaina: karatu ya ƙi, noma ma ya ƙi, don ko ruwa aka ce in kora wa hawasharmu, gonarmu ta ban-ruwa, sai audugar maƙwabci ta sha.

Gidanmu babu wuta, sai na kai kwamfutar nadi, ɗakin taron samari, inda ake tayar da janareta bayan la'asar. A nan aka gano akwai abu ɗaya da na iya a duniya. Kowa ya zauna sai jirginsa ya faɗi, ni kuwa in tashi, in yi harbi, in sauko lafiya. Har dattawa suna leƙowa da kofin shayi a hannu. Wallahi tafiyata ma ta sauya.

Sirrin yana ga liba ta biyu. Ta farko ta mai ce, kowa ya gane ta. Ta biyu ita ke karkata fukafukan farfela. Ka tura ta gaba, fukafukan su kwanta, su riƙa gutsurar iska kaɗan-kaɗan, inji ya samu sakewa ya yi ta juyi da ƙarfi. Da haka ake tashi, da haka ake faɗa. Ka ja ta baya, su karkace su ɗebi iska da yawa, inji ya lafa, mai ya yi auki. Wannan ta doguwar tafiya ce. In ka ba shi mai duka alhali tana baya, sai inji ya yi ta nishi, jirgi yana jan ciki. Gwaji da faɗuwa suka koya mini, ba wani malami ba.

Sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa yana jan lori tsakanin Sinja da Damazin. Ya ce a ba shi wuri. Na tsuguna gefensa na ce, "Kawu, wannan libar kamar giya take." Ban rufe baki ba ya ɗaga mini hannu.

"Ni za ka koya wa giya, ya zol?" in ji shi, wato kai wannan mutum.

Ya jawo ta baya can ƙurya, wai nan ne lamba ɗaya, daga ƙasa ake farawa a yi sama, ko jaki ya san haka. Ya danna mai. Jirgi ya yi ta gurnani har filin ya ƙare, ya faɗa cikin itatuwa. Ya sake, haka. Ya kuma sakewa.

A wurinmu ba a gyara wa kawu magana a gaban mutane, balle kawun da ya riƙe gidanku bayan rasuwar uba. Na duba fuskokin samarin nan da suka sha ganin hannuna yana tura libar gaba. Munafukai, duk sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu.

"Wanga abu kharban ne," in ji Kawu, wato ya lalace. "An haɗa shi a baibai."

Ranar kasuwa ya saɓi akwatin, nawa fa, ba tare da ya tambaye ni ba, ya kai wa mai gyaran rediyo. Shi kuma, da ya ga babban mutum ya ce a juya, sai ya kwance wayoyin libar ya musanya su. Gaba ta koma baya, baya ta koma gaba. Da yamma Kawu ya zauna, ya ja baya, ya ba da mai, jirgi ya ɗaga sumul. Nadi ya ɗauki tafi. Wani ma cewa ya yi Turawan da suka ƙera abin ba su taɓa jan lori ba.

Aka ce in zo in nuna tawa. Na san abin da aka yi, amma hannu ba ya jin magana. Kafin in yi tunani ya tura gaba, kamar kullum. Jirgina ya ja ciki ya rungumi itatuwan nan dai da Kawu ya yi ta runguma. Aka kwashe da dariyar da ba wanda ya yi masa ita.

Akwai inda zan shiga cikin wasan in mayar da komai daidai. Na gaya wa Inna, raina yana tafasa. Ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba ta ce in na kunyata ɗan'uwanta kada in ƙara kiranta uwa. To, na bari. Na zauna na koya wa hannuna kuskure har ya iya.

Har yau in na je gida, labarin da ake bayarwa shi ne yadda Kawu ya gano aibin jirgi da kallo ɗaya. Bara na je gaishe shi, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi. Ya laluba ya kama hannuna, ya ja shi baya a hankali, ya ce, "Ka dai riƙe abin da na koya maka ko?"

Na ce na riƙe, Kawu.