Abin da Ke Cikin Buhun Maƙwabcinmu

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ranar da na naɗa kaina masaniyar zukatan mutane a unguwar Mahjar ta Jidda ba za ta fita a raina ba. Lokacin ina haya a wani tsohon gidan bene, ina yi wa mata kitso da ƙunshi, kuma kullum bayan la'asar mukan taru a falon matar mai gidan mu sha shayi. Haifaffiyar Jidda ce, Khala muke ce mata, Hausarta rabi duk Larabci.

Ran nan ƙawata 'yar Maraɗi ta faɗo da waya a hannu, wai wani mutum a Amurka ya shiga kanti da bindiga ya buɗe wa jama'a wuta, kuma ko ɗaya bai sani ba a cikinsu. Muka yi salati, muka tausaya, amma kafin shayi ya huce hira ta koma kan dalili. Ai ba a kashe mutane haka siddan, dole da wani abu.

"Ya sattar! Aljani ne ya hau shi, halas," in ji Khala.

'Yar Maraɗi ta ce ƙwaya ce. Wata ta rantse mace ce ta yaudare shi. Ni kuwa na bari suka gaji, sannan na gyara zama. Na ji an fassara maganar maƙwabtansa, wai mutum ne shiru-shiru, ba ya shiga harkar kowa.

"Duk kun kauce," na ce. "Wanda ba ya gaisuwa, ba ya sa hannu a kwano da kowa, zuciyarsa ruɓewa take yi a hankali. Labarin zuciya a tambayi fuska!"

Suka hau jinjina mini, Khala har da ƙara mini shayi. Kaina ya fasu. Da nan na tsaya da na tsira, amma daɗin baki ya ɗebe ni, na rage murya na ce ba sai mun je Amurka ba, ga na ɗakin ƙasa.

Wani dogon mutum ne da ya kama ɗakin wata huɗu da suka wuce. Gaisuwarsa ɗaga hannu ce kawai. Nan take kowa ta tuno abin da ta gani. Kullum da safe yana fita da wani dogon abu naɗe a buhu, ya manna shi a jiki. Yana dawowa idanu jajur. Ba a taɓa ganin baƙo a ƙofarsa ba. Muna lissafowa muna dafa ƙirji muna ƙyalƙyata dariya, tsoron ma daɗi yake mana. Sai Khala ta ce mijinta na shigowa za ta sa ya kira askar, wato 'yan sanda.

A nan ya kamata jikina ya yi sanyi. Na san mutumin ba shi da iƙama, takardar izinin zama, kamar yadda ni ma ba ni da ita, kuma askar na taɓa shi sai jirgin gida. Na sha jin sa ta taga yana waya da 'ya'yansa. Amma wa zai rushe hujjar da ya gina da bakinsa? Na ci gaba da kurɓar shayina.

Muna cikin haka muka ji ƙarar ƙofar gida. Ga shi ya dawo da buhunsa.

"Yalla, mu gani da idonmu," in ji Khala.

Muka sauko a jere muna ture juna, 'yar Maraɗi riƙe da butar shayi wai makami, ni kuma uwar bincike ina can baya.

"Ya waladi, me ke cikin buhun nan?"

"Kayan aiki ne, Hajiya."

"Buɗe, ko wallahi in kira askar!"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya warware buhun. Muciya ce! Wata ƙatuwar muciya mai tsawon tabarya, har da busasshen tuwo a bakinta. Wayyo dariya! Na zube a kan matakala ina hawaye, 'yar Maraɗi ta ɓarar da shayin a ƙafarta. Ashe tuwo yake tuƙawa a wani gidan abinci a Bab Makka, jan idon nan kuma zafin murhu ne. Muciyar tasa ce, in ya bar ta a can sai a ɗauke.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, a garinmu malamin makaranta ne ni. Iyalina sun ɗauka a ofis nake aiki. Shi ya sa ba na sabo da kowa, kada labari ya kai gida."

Khala, ba ta ko ji nauyi ba, ta nuna ni. "Ga wadda ta ce harbe mu za ka yi."

Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, da kin tambaye ni."

Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Askar dai ba su zo ba, amma bakin mata ya riga su aiki. Kafin kwana uku duk layin an san mai muciya, a na huɗu muka tarar da ɗakinsa wayam. Ban samu na roƙe shi gafara ba, ban kuma sani ba ko labarin ya kai wa 'ya'yansa.

Har yau ban san abin da ya sa wancan na Amurka ya kashe mutane ba, kuma na daina yi kamar na sani. Wanda muke gida ɗaya da shi ma ban san abin da ke ransa ba. Tun daga ranar, in na ga mutum ya yi shiru, sallama nake fara yi masa, ba fassara ba.