Koren Allon Baba

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba da hantsi, yana alwalar walha, kuma daga ranar bakinsa bai sake haɗa kalma ba. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu. Na hagu ya rage, shi ma yana rawa kamar na mai jin sanyi. Muka yi kwanaki a asibiti, suka sallame mu da ƙwayoyi, suka ce mu riƙa kawo shi gashi. Muka dawo da shi gidanmu na Sabon Gari a Maraɗi, dangi suka fara zuwa dubiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda masu dubiyar suke magana a kansa kamar ba ya nan. Su zauna a gefen katifa suna lissafa waɗanda irin ciwon ya kashe, wata har da faɗin unguwar kowane mamaci. Ni kuwa ina kallon idonsa, na san yana jin komai. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa mai karanta labaran rediyo Faransanci daga kan tabarmarsa, ba a rana ɗaya hankalinsa zai gudu ba.

Sai ga ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, daga ƙauyenmu na bayan Tibiri. Shi bai bar al'adar kakanni ba, a gidansa akwai ɗakin iskoki, kuma ana yanka a gindin tsamiya in shekara ta kewayo. Wannan gidan Baba ya baro tun yana saurayi, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya kama salla, ya zauna birni. Baba Ƙarami ya dubi yayansa ya daɗe, sannan ya fito tsakar gida ya ce da Inna:

"Wanga ciwo ba na likita ba na, na gida na. Kasuwa mai zuwa ina zakkuwa da mota mu tahi da shi."

Na ce, "Baba, ba inda za shi. Likita ya ce a riƙa kai shi gashi."

"Kai ka haihe shi ko shi ya haihe ka?"

Na ce to a tambayi mai jikin. Muka koma ɗaki, aka tambaye shi ko yana son a kai shi ƙauye. Matsalar ita ce tun da ciwon ya kama shi kansa ba ya tsayawa, kullum cikin kaɗawa yake. Baba Ƙarami ya ce ga shi nan ya yarda. Ni na ce ga shi nan ya ƙi. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. A raina ba ni da ko shakka: mutumin da ya bar tsamiya don salla ba zai yarda a mayar da shi gindinta a kwance ba. Abin da ya rage kawai in samo hanyar da zai faɗa da kansa kafin motar ta zo.

Na ba shi alƙalami da takarda, hannun hagu ya yi ta zane kamar sawun kaza. Na ba shi wayata, yatsansa ya rufe rabin haruffan. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, ina da ƴar rumfa a bakin titi, don haka na ɗauko ta tafi-da-gidanka mai kyau na ɗora masa a cinya. Madannanta a shafe suke, ya nufi harafi ɗaya ya danne uku, hasken kuma ya sa shi runtse ido. Ya ture ta. Daga nan ya kafa wa saman kabad ido, ya ƙi ɗaukewa, har na gane abin da yake kallo.

A saman kabad ɗin akwai wani tsohon allo mai ƙaton ƙeya, an lulluɓe shi da zanen Inna da ya ƙoɗe, madannansa a jingine a gefe. Baba yana ce masa tarminal. Ba kwamfuta ba ce, ba shi da ƙwaƙwalwar kansa: abin da ka danna yake aika wa babbar na'ura ta waya, abin da ta amsa ya nuna maka da koren rubutu a kan baƙi. Da shi Baba ya yi aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, na manoman rani a Jiratawa, yana shigar da sunayen masu filaye da ranar da ruwa zai bi ta gonar kowa. Ina yaro nakan kai masa abinci, in tarar da shi da hula a goshi yana dannawa da yatsu goma, bai ko kallon hannunsa.

Da jam'iyyu suka shigo, biron ya dare gida biyu. Waɗanda suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya suka koma gaisuwa da ka. Wata rana Baba ya fita sallar azahar ya bar allonsa a buɗe, wani ya zauna a kujerarsa ya cire sunan wani manomi daga fili ya sa na ɗan jam'iyyarsu. Da maganar ta tashi, na'ura ta nuna da sunan Baba aka shiga. Aka sallame shi, bai sake samun aikin biro ba har ya tsufa. Bayan shekaru biron ma ya mutu, aka watso kayansa waje, Baba ya je da amalanke ya ɗauko allon da ya ja masa kora. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce ko kaza ba za ta yi ƙwai a cikinsa ba.

Na sauke shi na hure ƙura, na jona da kuran, wato wutar lantarki, ina jiran hayaƙi. Ya yi ƴar ƙara, can sai ɗan koren ɗigo ya fito a kusurwa yana ƙiftawa. Baba ya yi wani sauti a maƙoshi da ban taɓa ji ba tun da ya kwanta.

Sai dai allon ba ya komai shi kaɗai, sai an haɗa shi da kwamfuta, kuma a nan wahalar take. A bayansa akwai baki mai allurai ashirin da biyar, kwamfutocin yanzu kuwa ba su da irin bakin sam. Akwai wata ƴar mahaɗa da ake sa wa a tsakani, na zagaya Maraɗi a kan kabu-kabu ban samu ba. Shekarar ce ake rigimar ƙarin wa'adin mulki, yau a ce kowa ya zauna gida, gobe a ce a fito, rabin kantuna a rufe. Sai wani direba na roƙa ya zo mini da ita daga Katsina. Ita kuma bakinta allurai tara ne, dole na yanka tsofaffin wayoyi biyu na haɗa da dalma. Na haɗa, shiru. Na kwance na sake, shiru. Sai daga baya na tuna cewa dole a giciya wayoyi biyu, ta bakin wannan ta tafi kunnen wancan, in ba haka ba kowa yana magana ne babu mai saurare. Ana cikin bazara, kuran yana tafiya yadda ya ga dama, in ƙarfen dalma ya fara zafi sai a ɗauke. Na zagi masu wuta zagin da ba zan rubuta a nan ba.

Da rubutu ya fara fitowa, shirme ne, alamomin da ba na kowane harshe ba. Saurin da kwamfutar take magana ya fi wanda allon yake ji. Na yi ta rage mata har suka daidaita, sannan na sa mata wani ɗan tsari da zai tsaya a bakin wayar kamar mai gadi, ya tambayi suna da kalmar sirri. Layi ɗaya ya fito kore shar yana neman suna. Na ɗauki allon da kaina na kai ɗakin Baba, na ɗora a kan kujera ƴar tsugune, na sa masa madannan a ƙarƙashin hannun hagu. Manya ne, masu tauri, kowanne da ɗan rami a kansa, yatsa ya faɗa ya zauna.

Don in sauƙaƙa masa, na cire mai gadin gaba ɗaya, yadda da an kunna zai tarar da fili a buɗe ya rubuta abin da yake so. Ya dubi allon, ya dube ni, ya janye hannunsa ya sa cikin bargo. Na roƙe shi, na ce Baba rubuta ko kalma ɗaya ce. Ya juya fuska bango. Na yi fushi ƙwarai, na fita tsakar gida ina cewa na kwana uku ina ƙona yatsu a banza. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce:

"Kai ma ka san ba shi taɓa abin da anka bari buɗe."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na koma na mayar da tambayar suna, na buɗe masa wuri da sunan da yake shiga da shi a Jiratawa, wanda na sha gani a saman allonsa ina yaro. Saura kalmar sirri. Na ce ya nuna mini haruffan in sa masa. Ya ɗaga haɓa ya nuna mini ƙofa. A biron nasu an horar da su cewa ko matarka ba ta jin wannan kalma, kuma Baba ya riƙe horon bayan waɗanda suka yi masa shi sun watse. Dole na juya baya na fuskanci bango kamar ɗan lakwal da aka hukunta.

Kafin kalmar ta zauna, sai an buga ta sau biyu iri ɗaya, kuma ba ta fitowa a allo. Ya buga, ya sake, na'ura ta ce ba su yi daidai ba. Ya sake. Wani lokacin kafin ya gama sai ta gaji da jira ta koma farko, na je na tsawaita mata haƙuri. Duk da haka ba ta karɓa ba. Yini guda muka yi a haka, ina jin numfashinsa a bayana da ƙarar madannai ɗaya bayan ɗaya. A asibiti an gaya mini cewa wasu masu ciwon har rubutu yake ɓace musu. Tsoro ya kama ni sosai, na fara tunanin ko masu dubiyar nan sun fi ni gaskiya.

Washegari ita ce ranar kasuwa. Da safe na tsaya ina kallon yadda yake buga sunansa, tunda shi ba sirri ba ne. Sai na ga in ya danna harafi yatsansa ba ya tashi da wuri, harafin ya fito sau uku ko huɗu, ya bi ya goge. A wurin kalmar sirri ba ya ganin abin da zai goge. Na shiga tsarin allon na hana shi maimaita harafi, na juya baya. Ban daɗe ba na ji ya buga katifa da tafin hannu. Ta karɓa.

Motar ta iso da hantsi, wata tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, an shimfiɗa tabarma da katifa a ciki. Baba Ƙarami ya shigo ɗaki da sandarsa, ya ga allon ya yi tsaki.

"To ɗan boko, akwatin naka ya yi magana?"

Na ce, "Yanzu za ka ji, Baba."

Na durƙusa na tambayi Baba da ƙarfi, don kowa ya shaida, ko yana son ya zauna nan a ci gaba da gashi ko a tafi da shi ƙauye. Ya fara dannawa. Kowane harafi sai ya nema, ya huta, ya sake nema. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ni ina karantawa yana fitowa, ina jiran in ga kalmar da zan jefa wa Baba Ƙarami. Abin da ya fito shi ne:

na gaji da gashi ku kai ni gida kusa da innata

Ya ɗauke hannunsa. Kabarin kakarmu yana can bayan gidan Baba Ƙarami, ba nisa da tsamiyar.

Daga Inna har Baba Ƙarami ba wanda ya taka lakwal, koren rubutun nan a wurinsu ado ne kawai. A ɗakin mutum biyu ne suka san abin da ke kan allon, ɗaya kuma ba ya magana. Na san in na ce ya ce a bar shi nan, motar za ta koma yadda ta zo, kuma ko banza zan ƙara samun watanni ina ganinsa. Na so in faɗi hakan, ba zan ɓoye ba. Baba bai kalli allon ba, ni yake kallo, kansa yana ta kaɗawa.

Inna ta ce, "Mi ya ce?"

Na karanta musu yadda ya rubuta, ban rage ko harafi ba. Baba Ƙarami bai yi mini gori ba, ya jingine sandarsa ya zauna a ƙasa kusa da yayansa. Inna ta koma madafa, na ji ludayin ya faɗi.

Ni na ɗauke shi na kai shi mota. Ba shi da nauyi ko kaɗan.