Ranar da Gwaggo Ta Ajiye Jan Biro

Gwaggona, ƙanwar babana, ta shekara ashirin da shida tana koya wa manya harshen waje a wani ɗaki da ke saman shagon gyaran keken ɗinki. Benci biyar ne a ɗakin, da allo mai tsagewa, da fankar da sai an tura ta da rula take juyawa. Ɗalibanta direbobi ne da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, masu shirin neman aiki inda ba a jin yarensu.

Ba ta sa su hadda. Aiki take ba su: wannan ya zama likita, wancan ya kawo ɗansa ba lafiya, su fahimci juna da sabon harshen. Ita kuma tana zagayawa da jan biro tana ba da maki.

Da girma ya fara zuwa, ta yawaita cewa, "Sake faɗa." Har suka laƙaba mata Malama Sake-Faɗa, sun ɗauka tsanani ne. Ashe kunne ne yake tafiya.

Wata rana wata ungozoma ta faɗi jimla daidai har sau uku, Gwaggo ta soke ta. Matar ta fita tana share hawaye. Da aka tashi, wani dattijon direba ya tsaya inda za ta ga bakinsa, ya ce, "Malama, baiwar Allahn nan ba ta yi kuskure ba."

Ran nan Gwaggo ba ta taɓa abinci ba. Washegari ta raba musu takarda mai tambaya uku: Ka gane shi? Ya samu abin da ya zo nema? A ina ya ɓace maka?

Ta ce, "Na daɗe ba na ji sosai, ina ɓoyewa. Ku yafe mini. Daga yau ku za ku auna juna."

Sai wani kafinta ya ce, "Malama, makaho zai ja makaho?"

"Kai dai kunnenka ƙalau," in ji ta. "Yi aiki da shi."

Abin bai zo da sauƙi ba. Kafintan nan, kowa cikakken maki yake ba shi, don kunya. Wasu 'yan kasuwa biyu suka yi mako ba sa gaisawa saboda makin da suka ba juna. Gwaggo ta riƙa zama da su bibbiyu tana karanta takardunsu, tana cewa, "Kar ka ce bai iya ba. Nuna masa kalmar." A hankali suka saba, har masu shiru suka buɗe baki. Ungozomar kuwa ba ta dawo ba. Sau biyu Gwaggo ta aika mata wasiƙa, ba amsa.

Shekara uku ta ƙara a haka, sannan jin ya ɗauke gaba ɗaya. Ta miƙa wa mai shago mabuɗi, ta koma gidan 'yarta. Yanzu tana zama a bakin taga da littafi. Ba ta son a yi mata ihu. In kana da magana, ka rubuta.