Gidan da Ka Gina wa Inna a Kwamfuta

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda abokan sana'a ke kira Mai Fanka. Zazzaɓin kwana uku ne kacal. Yau kwana tara ke nan, Yaya, amma har yanzu idan kwamfutata ta fara huci sai in waiga in ga ko kai ne ka shigo.

Sana'arka haɗa kwamfuta ce ga irinmu masu zanen gine-gine, da muke tayar da gida a allo, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, kafin a aza bulo ko ɗaya. Duk wanda ya shigo shagonka yana nuna akwati mai ƙyalli, tambayarka ɗaya ce: "Wane aiki za ta yi?" Ka sha gaya mana cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ita ce ke sa zane ya juya ba gardama, amma katin hoto ne ke ɗaukar nauyin fitar da hoton ƙarshe, da haskensa da inuwarsa. Sannan ka rufe da zancen fankar da ke sanyaya kwamfuta, don a wurinka zafi ne ajalin na'ura. Nan sunan ya samo asali.

Ni kuwa, autarku mai taurin kai, da na sami babban aikina na farko bara, sai na je na sayo kayana ni kaɗai, don in nuna maka na girma. Kwamfutar ta riƙa kai hoto rabi ta mutu, ga kwana huɗu ya rage in miƙa aiki. Ka zo ka buɗe ta, ka yi dariya har da riƙe ciki.

"Auta, kin sayi babbar mota kin sa mata tayar keke."

Washegari ka dawo da wani kati naɗe a tawul, ka cire nawa ƙarami ka sa shi. Ka ce yana ajiye ne a shago, ba mai amfani da shi. Na yarda, saboda ina son in yarda.

Bayan wata biyu likita ya ce idon Inna yana tafiya, kuma ba dawowa. Abu ɗaya ta roƙa: ta sake ganin gidan da ta haife mu a ciki, wanda aka rushe da aka faɗaɗa titi. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ka ce za ka gina mata shi a kwamfuta. Kullum da yamma kana gefenta da takarda, ina taga take, matakala nawa ce, ta wane ɓangare rana ke faɗowa tsakar gida. Ta ce, "Gidan nawa fa?" Ka ce, "Saura kaɗan, Inna." Wata huɗu ana saura kaɗan, ido yana ƙara dushewa. Har na tsokane ka a gabanta, na ce nawar aiki ta yi maka yawa. Murmushi kawai ka yi.

Shekaranjiya na buɗe kwamfutarka a shago. Ƙaramin katina na gani a ciki. Ashe naka ka cire ka ba ni. Na sami gidan Inna a kammale, da hotuna talatin da ɗaya da ka gwada fitarwa, kowanne ya tsaya a rabi, sauran baƙi ƙirin. Ba ka taɓa cewa in ara maka ko na wuni ɗaya ba, don kada in gane.

Na kwaso aikin na sa a tawa da safe. Kafin la'asar ya fito. Awa shida, Yaya! Wallahi wannan awa shidan tana ci mini rai.

Mu masu zane mukan tsayar da surar mutum marar fuska a gefen gini, don a gane girmansa. Kai ma, idan ka taɓa zane, kullum tsayinka da ƙirarka kake ba shi. Na manta da wannan sai da na ja kujerar Inna dab da allo, hancinta kamar zai taɓa gilashin. Ta bi taga da yatsa, ta bi famfo, ta bi bishiyar lemo, tana kiran kowanne kamar ɗanta. Ta gani, alhamdu lillahi, ta gani. Sai yatsan ya tsaya.

"Wane ne wannan a ƙofa?"

Ta ƙura ido, ta ga kafaɗar hagu da ta ɗan sauka, irin taka.

"Shigo mana," in ji ta, a hankali. "Me ya tsayar da kai a waje?"

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka biyu, da abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Idan ka isa ƙofarta, kada Allah Ya bar ka a tsaye. Amin.